Titunan jihohi a Amurka da garuruwan da rayuwarsu ta rataya a kansu

Duk wanda ya buɗe taswirar Amurka, abin da zai fara jan idonsa shi ne manyan tagwayen hanyoyin nan da ake kira Interstate, masu allo ja da shuɗi, waɗanda suka ratsa ƙasar daga wannan teku zuwa wancan. Su ake nunawa a talabijin, su ake yabo. Amma in aka haɗa tsawonsu kaf bai kai mil 50,000 ba, a ƙasar da hanyoyin jama'arta suka haura mil miliyan 4. Dubban ƙananan garuruwa ba su da Interstate ko kusa da su. Abin da ke kai mutanensu asibiti, da kotu, da rumbun sayar da hatsi, da babbar makaranta, titi ne mai hannu biyu, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa, da lamba a kan ƙaramin allo. Ita ce hanyar jiha.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa hanyoyin Interstate da waɗanda ake rubuta wa US na gwamnatin tarayya ne. A gaskiya kusan dukkansu mallakar jihohi ne. Tarayya tana ba da kuɗi, tana gindaya sharuɗɗan gini, amma ma'aikatar sufurin jiha ce ke faci, ita ke share dusar ƙanƙara, ita ake kai wa ƙara in gada ta rufta. Don haka iyakar da ta fi shafar ɗan ƙaramin gari tana can ƙasa: tsakanin hanyar da jiha ta yarda ta ɗauka da wadda ta bar wa gunduma ko hukumar gari. Jihohi na riƙe da kusan kashi ɗaya bisa biyar na tsawon hanyoyin ƙasar, amma a kansu mafi yawan zirga-zirga ke gudana. Ranar da aka kafa wa titi allon jiha, an yi wa mutanen da ke bakinsa alƙawarin cewa baitulmalin jiha gaba ɗaya zai riƙa kula da shi. Titin da bai samu allon ba, sai abin da harajin gidaje da gonakin gundumar ya iya.

Kafin zuwan mota, hanya sha'anin unguwa ce. A yankuna da dama magidanci yakan biya harajin hanya da ƙarfinsa, ya fito da shebur na 'yan kwanaki a shekara. In damina ta sauka ko ƙanƙara ta narke, keken doki ya nutse cikin taɓo har gatari, manomi ya zauna da amfaninsa yana kallo. Abin mamaki, masu keke ne suka fara tayar da jijiyar wuya, bayan sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1880. Manoma sun yi ta ja da baya don tsoron haraji, har sai da aka fara kai wasiƙu ƙauyuka kyauta a 1896, aka kuma ce ma'aikacin gidan waya ba zai bi hanyar da ba ta biyuwa ba. Jihar New Jersey ce ta fara taimaka wa gundumomi da kuɗin titi a 1891. A 1916 shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar da ta ware dala miliyan 75 na shekara biyar, da sharaɗin cewa sai jiha ta kafa ma'aikatar hanyoyi kafin ta ga ko sisi. Wannan sharaɗi shi ya haifi mafi yawan ma'aikatun da ake da su yau.

Lamba kuwa ta zo ne don maganin wata hargitsa. A wancan lokaci ƙungiyoyi masu zaman kansu ke raɗa wa hanyoyi suna, irin su Lincoln Highway ta 1913, suna shafa fentin launinsu a jikin turakun waya. Garin da ya biya kuɗin ƙungiya sai a karkato da hanya ta bi ta cikinsa, ko da hakan zai ƙara wa matafiyi nisa. Wani turken ma yakan ɗauki launi biyar ko shida, direba ya rasa na bi. Wisconsin ce ta fara yanke wannan a 1917: ta ce za a ware mil 5,000, a haɗa kowace hedkwatar gunduma da kowane gari mai mutum 5,000 ko fiye, a sa musu lamba. Michigan ta biyo baya, sauran jihohi ma haka, sannan a 1926 aka amince da lambobin US na ƙasa baki ɗaya. Kuɗin aikin kuma Oregon ce ta gano bakin zarensa a 1919, da ta ɗora santi ɗaya a kan kowane galan na fetur.

A duba ƙa'idar Wisconsin da kyau, domin irinta ce ta zana taswirar jihohi da yawa. An fara da hedkwatar gunduma, inda kotu take, da ofishin rajistar filaye. Garin da ya dace yana kan layin da ya haɗa hedkwata biyu ya tsinci dami a kala: kwalta ta zo, gidan mai ya buɗe, banki ya zauna. Maƙwabcinsa da ke mil shida a gefe, wanda wataƙila ya fi shi jama'a a zamanin jirgin ƙasa, ya soma tsiyayewa a hankali. Babu wanda ya yanke hukuncin kashe shi. Injiniya ne ya ja layi, ɗan majalisa ya sa baki, aka wuce wurin.

Daga nan jihohi suka rabu, kowace ta amsa tambayar "nawa za mu ɗauka?" yadda ta ga dama, kuma amsoshin na nan suna aiki har gobe. Lokacin karayar tattalin arzikin shekarun 1930, gundumomi sun kasa biyan bashin da suka ci na titi. Karolina ta Arewa ta kwashe hanyoyin gundumominta duka a 1931, shi ya sa yau jihar ke kula da kusan mil 80,000, kafaɗa da kafaɗa da Teksas wadda ta ninka ta girma sau da yawa. Virginia ta yi haka a 1932, sai dai gundumomin Arlington da Henrico har yanzu suna riƙe da nasu. A Pennsylvania gwamna Gifford Pinchot ya karɓi mil 20,000 na hanyoyin karkara a 1931, da alƙawarin fitar da manomi daga taɓo. Indiana kuwa ta bi akasin haka, ta rubuta a doka cewa hanyoyin jiha ba za su wuce mil 12,000 ba. A irin wannan jiha, in ana son ƙara sabuwar hanya, dole ido ya koma kan wadda za a sauke.

Teksas ta ƙirƙiro rukuni na musamman, hanyoyin daga gona zuwa kasuwa, masu alamar FM. Dokar 1949, wadda ɗaya daga cikin masu gabatar da ita shi ne Dolph Briscoe da ya zama gwamna daga baya, ta ware musu dala miliyan 15 duk shekara. Yau tsawonsu ya kai kimanin mil 40,000, wajen rabin hanyoyin jihar. Missouri ta yi nata da haruffa maimakon lambobi, hanyar A, hanyar K, hanyar ZZ, da burin a ce kusan kowane gidan gona yana cikin mil biyu da titin da jiha ke kula da shi. Waɗannan su ne suka sa motar makaranta ta iya zuwa kullum, suka sa aka haɗe ƙananan makarantun aji ɗaya zuwa manya, suka sa madara ta isa masana'anta kafin ta lalace. Sun kuma yi abin da ba a shirya ba. Titin da ya kai amfanin gona babban gari shi ya kai matar manomi kantin babban gari, ƙaramin shagon ƙauye ya rufe. Daga baya ya kai 'ya'yansu, da yawa ba su dawo ba.

Allunan ma kansu abin kallo ne, tunda kowace jiha ta zana nata. Na Kansas furen sunfulawa ne, na Utah amyar zuma, na Washington hoton kan George Washington, na Kaliforniya bakin shebur ɗin masu haƙar zinariya. Akwai ma hanyar jiha da mota ba ta hawa: M-185 da ta kewaye tsibirin Mackinac a Michigan, mil takwas, inda aka hana motoci tun 1898, sai keke da keken doki.

Babbar matsalar hanyar jiha ita ce tana yi wa iyayen gida biyu aiki, kuma bukatunsu na karo da juna. Ga direban tirela da ya taso daga nesa, garin da ke kan hanya cikas ne: danja, da kwana, da yara masu tsallakawa. Ga mai gari kuwa, wannan titin shi ne tsakiyar garinsa. Gidan waya na kansa, coci na kansa, makarantar firamare na ɗaya gefen. Ma'aikatar jiha, wadda aka kafa don ta sa motoci su yi gaba, bisa al'ada ta fi jin muryar direban. Hukumar gari ba ta da ikon kafa danja, ko rage gudu, ko ma shuka bishiya a gefen titin da ya ratsa tsakiyarta, sai ta nemi izini daga babban birnin jiha. Ƙa'idar da injiniyoyi suka daɗe suna bi wajen tsayar da iyakar gudu ta ƙara dagula lamarin. Ana auna gudun da direbobi ke yi da kansu, a ɗauki wanda kashi 85 cikin ɗari ba sa wucewa, a mai da shi doka. In titi ya yi faɗi ya miƙe, direbobi za su taka, aunawa ta nuna suna gudu, iyaka ta ƙara hawa. Mai tafiya a ƙasa ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan.

Inda abin ya fi muni shi ne tsohuwar hanyar karkara da birni ya girma ya haɗiye. Buford Highway, hanyar jihar Jojiya mai lamba 13 a gefen Atlanta, a wasu wurare hannu bakwai gare ta. Gefe da gefenta gidajen haya ne cike da baƙi daga Meziko da Koriya da Biyetnam da Sin, da yawa ba su da mota. Mace ta sauka daga bas da jakar cefane a hannu ɗaya, yaro a ɗaya hannun, gidanta ga shi can tsallake tana gani, amma wurin tsallakawa na doka yana da nisan tafiyar minti goma. Sai ta jira ɗan sarari, ta ruga zuwa layin tsakiya, ta tsaya motoci na wucewa gaba da baya, ta sake rugawa. Shekaru aka yi ana rasa rayuka a haka kafin a fara gina hanyar ƙafa da tsibiran tsayawa. A Portland ta jihar Oregon, titin 82nd Avenue ya daɗe a irin wannan hali, jiha ba ta ɗauke shi da muhimmanci ba tunda an gina babbar hanya kusa da shi, birni kuma ya ƙi karɓarsa a lalace. Sai a 2022 aka miƙa shi ga birnin, da alƙawarin dala miliyan 185 na gyara.

Maganin da aka saba yi wa wannan rikici shi ne a kewaye garin da sabon titi. Tireloli su bi ta baya, tsakiyar gari ta huta. Sai dai hutun kan yi yawa. Seligman, ƙaramin gari a Arizona, ya rayu ne da masu wucewa a kan shahararriyar hanyar nan mai lamba 66. A 1978 aka buɗe Interstate 40 'yan mil kaɗan daga garin, motoci suka ɗauke a rana guda. A 1985 aka soke lambar US 66 gaba ɗaya. Wani wanzamin garin, Angel Delgadillo, ya tara jama'a suka kafa ƙungiya a 1987, suka matsa wa jiha har ta ayyana tsohuwar hanyar a matsayin ta tarihi, masu yawon buɗe ido suka fara dawowa. Wani yankinta ya zama hanyar jihar Arizona mai lamba 66, daga Kingman ta ratsa Peach Springs, cibiyar ƙabilar Hualapai. Amma kada a ɗauki Seligman a matsayin abin da ke faruwa kullum. Ba kowane gari ke da hanyar da duniya ta san sunanta ba. Binciken da ma'aikatun sufuri suka yi a jihohi daban-daban ya fi karkata ga abu ɗaya: gari mai ɗan girma, mai asibiti ko kotu ko masana'anta, yakan jure kewayewa, wani lokacin ma ya amfana. Wanda ke shan wuya shi ne ƙaramin da cinikinsa duka na baƙo ne.

Akwai kuma inda aka kewaye yanki guda sukutum. A kwarin tsakiyar Kaliforniya, biranen Bakersfield da Fresno da Modesto duk suna kan tsohuwar US 99. Da aka zo gina Interstate 5, sai aka bi da ita ta yammacin kwarin, inda babu jama'a sosai, don ta fi miƙewa tsakanin Los Angeles da arewa. Aka rage wa 99 matsayi ta koma hanyar jiha. Fresno, mai mutum sama da rabin miliyan, ta zama birni mafi girma a ƙasar da Interstate ba ta shiga. Har yau 99 ce ke ɗauke da 'ya'yan itatuwa da madarar kwarin, da leburorin gona, a kan titin da aka daɗe ana yi wa kwaskwarima gaɓa-gaɓa.

A ganina, a nan ma'aunin da aka fi dogara da shi yake gazawa. In za a raba kuɗin gyara, abin da ake fara dubawa shi ne adadin motocin da ke wucewa a rana. Lissafi ne mai sauƙi, kuma yana da fuskar adalci. Amma bai tambaya ko akwai wata hanyar in wannan ta yanke. Titin bayan birni mai mota dubu hamsin a rana, in aka rufe shi, direbobi za su yi gunaguni su bi na kusa. Titin da ke ɗaukar mota ɗari uku, amma shi kaɗai ne, in ya yanke motar asibiti ma ba ta da ta yi.

Mutanen Big Sur, wani yanki a gaɓar tekun Kaliforniya, sun ga haka a 2017. Hanyar jihar Kaliforniya mai lamba 1, wadda aka kammala a yankin a 1937, a manne take da jikin dutse, teku na ƙasa. A Fabrairu ruwan sama ya tura ƙasa ta karya ginshiƙin gadar Pfeiffer Canyon daga arewa. A Mayu dutse ya zaftare a Mud Creek daga kudu, ya binne titin. Ɗaruruwan mutane suka tsinci kansu a tsakiya. Da farko jirgi mai saukar ungulu ke kawo abinci. Daga baya aka sare wata 'yar hanyar ƙafa a cikin daji, mai hawa da gangara, 'yan makaranta suka riƙa bin ta da safe su tarar da bas a ɗaya ɓangaren, manya na dawowa da kayan masarufi a goye. Masaukai suka sallami ma'aikata. An buɗe sabuwar gada a Oktoba, amma Mud Creek sai Yulin 2018, bayan an kashe dala miliyan 54. A farkon 2023 wani dutsen ya sake zaftarewa.

Wannan ya kawo tambayar da 'yan siyasa ba sa son a yi musu: har yaushe? Hanyar Karolina ta Arewa mai lamba 12 tana bin siraran tsibiran yashi, teku a dama, tafki a hagu. Tsibirin Hatteras mutum kimanin 4,000 ne mazaunansa. Guguwar Isabel ta 2003 ta yanke tsibirin gida biyu, ƙauyen Hatteras ya yi wajen wata biyu sai ta jirgin ruwa. Irene ta 2011 ta sake yankewa. Duk sanda iska ta taso, katafiloli na ture yashi daga kan kwalta. A 2019 aka buɗe gadar Marc Basnight a kan kusan dala miliyan 250, a 2022 kuma aka buɗe wata a Rodanthe wadda ta fita cikin tafki ta kewaye wurin da teku ya fi ci. Masu goyon baya suna nuna kuɗin da masu yawon buɗe ido ke kawowa. Masu suka, ciki har da masana gaɓar teku, suna cewa tsibirin yashi tafiya yake yi bisa ɗabi'arsa, titin da tudun da aka yi don kare shi su ke hana shi sabunta kansa. Duk ɓangarorin biyu suna da gaskiya, shi ya sa maganar ba ta ƙarewa. Louisiana na da irin wannan a hanyarta mai lamba 1, wadda ita kaɗai ke zuwa Grand Isle da tashar Port Fourchon. Can an ɗaga wani sashe a kan ginshiƙai ana karɓar kuɗin wucewa, tunda tashar ce ke hidima ga rijiyoyin man da ke cikin teku. A jihohin Washington da Alaska ma jiragen fito ne ke cike gurbin kwalta, ana lissafa su cikin tsarin hanyoyin jiha. Juneau, babban birnin Alaska, babu titin da ya haɗa shi da sauran nahiyar.

Big Sur na da kyan gani, Hatteras na da baƙi, Fourchon na da mai. Kowannensu na da wanda zai tsaya masa a majalisa. Titin gona da ba wanda ya san sunansa shi ne ba shi da uwa a gindin murhu, kuma tukunyar da ake rabon tana ƙara ƙanƙancewa. Harajin fetur na tarayya yana nan a santi 18.4 kan galan tun 1993, ba a taɓa shi ba, alhali tsadar kwalta da ƙarfe ta ninka. Motoci sun rage shan mai, masu lantarki ba sa sha sam. Tun 2008 majalisar tarayya ke ɗebo kuɗi daga babban asusu tana cike giɓin asusun hanyoyi. Jihohi da yawa sun ƙara nasu harajin, wasu sun ɗora wa motocin lantarki kuɗin shekara, Oregon kuma tun 2015 take gwada biyan kuɗi gwargwadon milin da mota ta yi.

Nauyi ma ya sauya. Gwajin da aka yi a Ottawa ta jihar Illinois tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake wa titi tana ninkuwa kusan sau goma sha shida. Hanyoyin FM an yi su ne don a-kori-kurar manomi. Da aka fara haƙar mai a yankin Eagle Ford na kudancin Teksas, tankokin ruwa da tirelolin yashi suka hau su dare da rana, kwalta ta farfashe. A 2013 ma'aikatar sufurin jihar ta sanar cewa za ta kankare fiye da mil 80 ta mai da su tsakuwa, saboda babu kuɗin gyara. Hayaniyar da ta biyo baya daga 'yan majalisa da shugabannin gundumomi ta sa aka dakatar da shirin bayan an taɓa kaɗan.

Hanyar da ta fi shiru ita ce mayarwa. Kaliforniya da Pennsylvania da wasu jihohi suna da tsarin sauke hanya daga wuyansu su miƙa wa gunduma ko gari. Yawanci jiha takan gyara titin tukuna, ko ta ba da wani kuɗi, sannan ta cire allonta. Birni mai ƙarfin haraji yakan yi maraba, domin yanzu zai iya rage gudu, ya faɗaɗa hanyar ƙafa, ya kafa danja inda yake so. Gundumar karkara da jama'arta ke raguwa kuwa sabuwar kwalta take karɓa yau, da sanin cewa nan da shekara goma sha biyar ko ashirin za a sake shimfiɗa ta, kuma a lokacin kuɗin zai fito ne daga harajin 'yan gonakin da suka rage.